Kyanwata na ta lasar leɓe, ta kuma daina cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Kyanwata shekararta 6. Kusan mako biyu ke nan tana yawan lasar leɓe, yawu na dalala, bakinta na wari. In na zuba mata abinci sai ta zo da gudu, ta ɗan taɓa ta yi ƙara ta ja da baya. Ko in ba ta farasitamol?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Don Allah kada ki ba ta farasitamol, ko da ɓari ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta. Shi ma ibufurofen guba ne a gare ta.

Lasar leɓe bayan cin abinci ko gyaran gashi ba komai ba ne. Kyanwa kan yi haka kuma in ta tsorata, ko zuciyarta na tashi gab da amai. A tsofaffin kyanwoyi, ciwon ƙoda na kawo tashin zuciya da gyambon baki. Amma taki tana son abincin, ci ne ya gagara. Wannan alamar ciwo ne a cikin bakin.

Ki samu wuri mai haske, ki naɗe ta da tawul, ki ɗaga leɓenta a hankali. Lafiyayyen dasashi launinsa ruwan hoda ne. In kin ga jan layi a gindin haƙora, kumburin dasashi ne, wanda dauɗar haƙori ke jawowa. In kuwa jan ya bazu har can ƙuryar baki inda muƙamuƙai suka haɗu, ya yi jawur kamar ɗanyen nama, yana jini da an taɓa, to kumburin baki ne mai tsanani. A nan garkuwar jikinta ce ta wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cutar da ke maƙale a haƙora, har tana cin naman bakin. Ana yawan samunsa tare da ƙwayar cutar kalisi mai sa murar kyanwa, ko ƙwayoyin cutar FIV da FeLV masu raunana garkuwa, shi ya sa muke gwada jini. Idan kuma zare kika hango a ƙarƙashin harshe, kada ki ja shi, wataƙila ɗaya bakin zaren yana cikin hanji.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Kafin mai ita ya lura, ta daɗe tana shan azaba. Sai ka ga gashinta ya cukurkuɗe don lasar jiki ta gagare ta, ƙafafun gaba sun jiƙe da yawu.

Ki kai ta wurin likitan dabbobi yau ko gobe, domin kyanwar da ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta. Za a ba ta maganin zafi irin nata, a sa ta barci a wanke haƙoran. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da na kumburi suna kawo sauƙi, sai dai ciwon kan dawo da an daina. In ya yi tsanani, abin da ya fi aiki shi ne cire haƙoran baya, wani lokaci duka 30 ɗin. Na san jin haka da tayar da hankali, amma yawancinsu suna warkewa ko su samu sauƙi sosai, kuma suna cin abinci lafiya lau, tunda dama kyanwa ba ta cika tauna ba.

Kafin ki kai ta, ki ba ta abinci mai laushi da ɗan ɗumi, kaɗan-kaɗan, ga ruwa mai tsabta a kusa. Kada ki goge mata baki yanzu, zafin zai sa ta guje ki. Sai ta warke ki fara, da man goge haƙori na dabbobi, ba irin namu ba.