Kafin ka tura kuɗin BYD, awa nawa kuke samun wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Ƙanina da ke zuwa saro kaya Guangzhou ya ce in ba shi kuɗi ya shigo min da motar BYD mai amfani da lantarki, in ba yaro ya riƙa ɗaukar fasinja da rana, da yamma in hau abata. Ya buga min lissafi cewa kuɗin man da zan huta saye kaɗai zai dawo min da jarina cikin shekara biyu, har in ƙaro ta biyu. Gidana a Rijiyar Zaki yake. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na karanta saƙonka har ƙarshe ina jiran inda za ka ce awa kaza ake kawo muku wuta a rana, ban gani ba. Kana shirin ɗaure doki a ƙofar gida, ba ka tambayi inda za ka samo harawa ba. Kuskurenka ke nan, kuma ya isa ya cinye kuɗin gaba ɗaya.

Motar ba ta da laifi. BYD da haɗa batir ya fara a Shenzhen tun 1995, ya san aikinsa. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ga shiru, ga sanyin AC. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai mota ya san dalilin da ya sa ido ke kanta.

To, mu buga lissafin da ƙaninka ya tsallake. Batirin Atto 3, ɗaya daga cikin motocin BYD, wajen yunit 60 na wuta yake sha ya cika. A farashin Band A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, naira 200 da ɗoriya kowane yunit, ka ce naira dubu 13 ke nan, ta kai ka kilomita 350 ko kusa da haka in AC na aiki a zafin Kano. Corolla za ta sha kusan lita 30 a wannan tafiyar, kuɗin ya ninka ko ya fi. Riba ce, babu musu. Amma in yaro na yin kilomita 150 a rana, abin da ka tsira da shi a shekara bai wuce miliyan biyu zuwa uku ba. Motar kuma ta miliyoyi gomomi ce. Ina shekara biyun ta fito?

Wannan ma in akwai wutar. A soket ɗin gida, batirin zai kwana ya wuni, har ya sake kwana, bai cika ba. Da cajar bango mai kilowat 7, awa tara zuwa goma yake so a jere, kuma sai an duba wayarin ɗin gidanka ko zai ɗauka. In wutar layinku ta ƙarfe ɗayan dare ce, a ɗauke kafin asuba, yaronka zai fita da rabin batir, ya dawo gida da azahar. Ka tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Kano ta yi kwanaki a duhu. A irin wannan makon mai Corolla yana kan titi yana aiki.

Za ka ce akwai janareta. Na san wani ɗan kasuwa a Singa da ya faɗi haka. Ƙaramin injinsa na gida ya kasa, ya sayi babba na gas, ya koma yana ƙona gas don ya huta sayen fetur. Yunit ɗin da ya lissafa a naira 200 ya koma kusan ninki biyu. Yanzu motar na rumfa an lulluɓe ta, sai ranar Juma'a take fita. Sola na yi, amma wadda za ta ciyar da mota jari ce daban ta miliyoyi, kuma rana na fitowa ne daidai lokacin da motar ya kamata tana neman kuɗi.

Ƙaninka ba macuci ba ne, sai dai shi ya ga motar ce a garin da wurin caji ke ko'ina. Wadda aka ƙera don kasuwar China bakin cajinta ma daban yake da na waɗanda ake fitarwa waje, kuma in ta lalace babu garantin da zai biyo ka Kano. Wani ya goge maka fitila a Gadar Kabuga, ka shiga Ƙofar Ruwa neman irinta ka gani. Dillalin BYD na hukuma, Loxea, a Legas yake. In za ka saya, da su za ka fara magana a kan garanti da kayan gyara. Abuja kuwa, fiye da kilomita 400, caji ɗaya ba zai kai ka ba.

Kada ka tura ko sisi tukuna. Ka sayi littafi irin na bashin shago, ka sa yaro ya rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, dare da rana, har wata guda. In kuna samun awa goma a jere yawancin darare, saye ta don hawanka cikin gari, gida zuwa Kwari, za ka ji daɗinta. Maganar haya da mota ta biyu kuwa, ajiye ta sai ka turo min littafin na gani.