In Allah ya yi alkawari bayan ruwan Nuhu, me ya sa ambaliya ke cin mu a Legas?

Tambaya: Fasto barka da aiki. Ni a Mile 12 nake zaune, duk damina sai ruwa ya shiga mana ɗaki. To ba Allah ya yi wa Nuhu alkawari ba zai sake hallaka duniya da ruwa ba? Ko alkawarin ya tashi ne?

Amsa: 'Yar'uwa sannu da haƙuri, wanda bai taɓa kwashe ruwa da bokiti tsakar dare katifa ta jiƙe sharkaf ba, ba zai gane zafin tambayar nan ba. Alkawarin bai tashi ba, yana nan daram, sai dai mu duba me aka ce a ciki.

Ki buɗe Littafin Farawa a Littafi Mai Tsarki, sura 9 aya 8 zuwa 17. Abin da Allah ya ɗauka wa kansa shi ne ruwa ba zai ƙara shafe dukkan masu rai ba, irin wancan da aka yi kwana 40 ana sheƙawa, ruwan ya rufe ƙasa kwana 150, mutum 8 kacal suka tsira a jirgi har ya tsaya kan duwatsun Ararat. Bai ce kogi ba zai cika ya batse ba, bai ce unguwa ba za ta ci ruwa ba.

Abin da ya fi taɓa ni kuma, ba da Nuhu da 'ya'yansa Shem, Ham da Yafet kaɗai aka ƙulla shi ba, har da tsuntsaye da dabbobin gida da na jeji, kuma ba a ce in kun yi kaza zan yi kaza ba, babu sharaɗi sam. A sura 8 aya 21 ma Allah da kansa ya ce zuciyar mutum mugunta take ƙullawa tun yana yaro, wato ya san ba mu gyaru ba amma duk da haka ya ɗaure kansa. Bakan gizo ne alamar, kuma ki lura, Allah ya ce shi da kansa zai gan shi ya tuna da alkawarin. Shi ya sa a Ishaya 54:9 ya sake kafa hujja da ruwan Nuhu don ya kwantar wa mutanensa da hankali.

Ruwan Legas kuwa dalilinsa a fili yake. Gari ne a kwari bakin teku, ga kwatoci sun toshe da ledar fiyawata da robobi, ga gine-gine kan hanyar ruwa, sannan in aka saki ruwan dam ɗin Oyan ya biyo kogin Ogun, ɓangarenku da Isheri ne ke fara shan wahala. Don haka in wani ya ce miki hukunci ne ya sauka a gidanki saboda zunubi, kar ki ɗauka, ban yarda da wannan wa'azin ba ko kaɗan. Ku haɗa kai da maƙwabta a yashe kwata kafin watan Yuni, takardu da kayan yara a ɗaga su sama, in an yi sanarwar sakin ruwa kuma ku tashi da wuri.