Jakar tsafta ta hannu: me zan zuba a ciki, nawa zan sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon kayan shafa a Kano, a unguwar da ɗalibai suka yi yawa. Akwai naira 200,000 a hannuna da nake so in juya. Na yi tunanin in riƙa haɗa 'yar jakar kayan tsafta wadda mutum zai fita da ita kullum. Me ya kamata in zuba, kuma nawa zan sa mata kuɗi? Sannan ko zan iya sayen babbar jarkar sanitaiza da sabulun ruwa in riƙa ɗurawa a ƙananan robobi, tunda ya fi araha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da ta ƙarshen, don a nan jari ya fi saurin narkewa. Kada ki ɗura. Sabulu da man shafawa da sanitaiza duk suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, kuma lambar da ke jikin jarka ta kamfanin da ya yi kayan ce, a mazubin da ya rufe. Da zarar kin buɗe kin juye a wata roba, kayan sun zama naki, ba lamba, ba ranar ƙarewar wa'adi, kuma in fatar wani ta yi ƙuraje ke za a nema. Ko a ajiye maganar hukuma, ɗurin ba ya biyan wahalarsa. Sanitaiza tana aiki ne saboda sinadarin alkohol da ke cikinta, wanda ake so ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100, shi kuwa da ya ga iska sai ya tashi. Kowace buɗewa, kowane juyi, ƙarfinsa raguwa yake yi. Robobin da ake sayarwa ba komai a ciki kuma murfinsu ba ya kamawa sosai. Roba ɗaya ta yi yoyo a jakar ɗaliba ta jiƙa mata takardu, kin rasa ita, kin rasa 'yan ɗakinsu. Ki sayi ƙananan da kamfani ya rufe da kansa, masu mililita 50 ko 60. Ribar kowace ɗaya ba ta kai ta ɗuri ba, amma ba a dawo miki da kayan.

Sai ki tsayar da wanda kike haɗa wa jakar. Masu shiga wannan sana'a sukan haɗa jaka guda su ce ta kowa ce, sai ta yi nauyi, ta yi tsada, kowa ya ɗaga ya ajiye. Ke ga ɗalibai a ƙofar shagonki, to ki fara da ɗalibar da ke fita da safe ba ta dawowa sai la'asar. Abin da za ta taɓa kusan kullum shi kaɗai zai shiga: ƙaramin sabulu a gidansa, buroshi mai murfi, ƙaramin man goge baki, sanitaiza, fakitin tishu na aljihu, ɗan tawul na fuska, nelkota, da ƙaramin basilin. Takwas ke nan, sun isa. Jakar mata ki bar mata aljihu na daban mai ɗaukar audugar mata 2 ko 3, tare da 'yar baƙar leda ta naɗe wadda aka cire, domin ba kowane banɗakin makaranta ko tasha ke da kwandon shara ba. Ta maza ki sa mataji da asuwaki. Rol-on da turare ki bar su a kanta, mai so ya zaɓa ya ƙara kuɗi: ƙamshi ra'ayi ne, kuma ƙamshin da bai yi wa mutum ba yana iya hana shi sayen jakar gaba ɗaya.

Magani kuwa, ko farasitamol ne, kada ya shiga. Sayar da magani sai da lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, kuma shagon kayan shafa ba shi da shi. Man bilicin ma ki nisance shi.

Ita jakar ita ce rabin cinikin, don sabulu da buroshi kowa ya san inda ake sayar da su. Tsawonta kamar santimita 20, tsayi 12, faɗi 6, wato ta shige jakar makaranta ba tare da ta ture littafi ba. A yi mata shafi na leda daga ciki wanda ruwa ba ya ratsawa, a raba ta gida biyu, na jiƙaƙƙen kaya da na busasshe. Wannan rabon ba ado ba ne. Sabulun da aka yi wanka ko wanke hannu da shi aka mayar yana jiƙe, zuwa yamma ya zama kunu, ya bi tishu ya bi tawul. Ko busasshe ne, in ya kwana gida ɗaya da buroshi ƙamshinsa na kama gashin buroshin, mai shi ya sa a baki ya ji ɗanɗanon sabulu. Gidan sabulun ya zama mai maƙalewa, murfin buroshi kuma mai 'yan huji, don wanda ya toshe ruf yana riƙe danshi har ya fara wari.

Tela zai ɗinka miki da araha fiye da ta kanti idan kika kai masa yadi da leda da zif da kanki. Kantin Kwari da Ƙofar Wambai ba su rasa waɗannan. Amma kada ki ba da ɗinkin 30 a tashi ɗaya. A yi guda 2 tukuna. Ki cika ɗaya da kayan, ki danna ta ƙarƙashin littattafai a jakar goyo, a yi yawo da ita yini guda cikin rana, da dare ki kife ta a kan farar takarda. Da safe takardar za ta nuna miki ko akwai mai yoyo. Zif ɗin kuma ki ja shi sau da yawa a jere. Zif mai arha shi ne abu na farko da ke mutuwa, kuma bambancin kuɗinsa da mai kyau bai taka kara ya karya ba.

Yanzu lissafi. Alƙaluman nan misali ne kawai, ki maye su da farashin da kika taras ranar da kika shiga kasuwar Singer ko Sabon Gari. A ce jaka ta tsaya miki 700, sabulu da gidansa 450, buroshi 350, man goge baki 500, sanitaiza 600, tishu 200, tawul 500, nelkota 300, basilin 300. Jimla 3,900. A nan mutane da yawa ke tsayawa su ɗora riba, shi ya sa a ƙarshen wata ake ganin ciniki ba a ganin kuɗi. Ki ƙara kuɗin mota da dako da aka raba wa kowace jaka, a ce 150, da takardar suna da lambar waya 50. Ki ƙara 200 na asara, kusan kashi 5 cikin 100, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: a kowane dozin ba a rasa mai fasasshen murfi ko wanda ya lotse. Uwar kuɗi ta zama 4,300. In kin sayar 5,500, ribarki 1,200.

Kafin ki tsayar da wannan farashi, ki zauna ki haɗa abin da ɗaliba za ta kashe in ta sayi kayan ɗai-ɗai a shagon maƙwabta. Ita ma za ta yi wannan lissafin a kanta. Idan kuɗinki ya zarce nata da fiye da darajar jakar, ba za ta saya ba. In lissafin ya ƙi fita, ki cire abu ɗaya, tawul ko nelkota. Kada ki sauko zuwa kaya marasa kyau don ki cike takwas.

Kada 200,000 ɗin su tafi gaba ɗaya. Jaka 30 a kan 4,300 naira 129,000 ne. Ki sa 40,000 a kayan cikon jaka, wato waɗanda mai jaka za ta dawo ta saya in nata sun ƙare, ki riƙe sauran 31,000 a hannu. Ribar jaka 30 ɗin 36,000 ce. In sun ƙare cikin wata guda, sana'a ta kama. In suka ja wata uku, 12,000 ke nan a wata, kuma kafin ki koma sari farashi ya riga ya motsa, har kuɗin da ya sayi 30 ya kasa sayen 30. Don haka duk lokacin da za ki sa farashi, ki duba abin da za ki biya a sarin gaba, ba wanda kika biya a baya ba.

Kayan cikon nan su ne asalin kasuwar. Jaka sau ɗaya ake saye. Tishu kuwa kwana kaɗan ya ƙare, sanitaiza da man goge baki 'yan makonni, buroshi ana so a canja shi duk wata 3, audugar mata duk wata. Ki ɗaura 'yar ledar ciko mai farashi guda, ki gaya wa duk wadda ta sayi jaka cewa akwai. Nelkota da buroshi kuma suna da hujjar da za ki faɗa da gaskiyarki: ciwon hanta nau'in B na iya yaɗuwa ta hanyar aron reza ko buroshi ko abin yanke farce, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai aro ba ya ƙarewa.

Wajen sari, ki juya kowane kaya ki karanta wa'adinsa da idonki. Abin da ya rage masa ƙasa da shekara guda ki bar shi ko an karya miki farashi, don sau da yawa dalilin karyawar ke nan. Ki duba lambar NAFDAC, ki tsaya wa dila ɗaya ko biyu da za su karɓi kaya in ya fito jabu. A shago kuma zafi ne abokin gaba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano na haura digiri 40: basilin ya narke ya bi murfi, tishu mai danshi ya bushe a fakitinsa, sanitaiza kuma tana kama wuta, don haka nesa da janareta da risho. Ki haɗa jaka 10 kawai a lokaci guda, sauran kayan su zauna a katan ɗinsu a inuwa. Haka kuma in jakar ta yi kwantai, kina iya sayar da su ɗai-ɗai a kanta.

Kasuwar tana da lokutanta. Komawa makaranta, musamman a Satumba, ita ce babba. Da hunturu basilin da man leɓe ke ja. Masu zuwa sansanin bautar ƙasa na mako 3 suna son mai ɗan girma, da soso da sabulun wanki. Maniyyata Hajji da Umara kuwa tasu daban ce: mai harami ba ya sa turare, don haka sabulu da man shafawa su zama marasa ƙamshi, duk wani abu mai ruwa kada ya wuce mililita 100 in a jakar hannu zai shiga jirgi, reza da almakashi kuma a babbar jaka. Waɗannan duka ki bar su sai zagaye na biyu ko na uku, bayan ta ɗalibai ta nuna miki hanya.

In Allah ya kawo odar mai yawa, daga makaranta ko masu rabon kayan biki ko wata ƙungiya, za a tambaye ki rajistar sunan kasuwanci ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da asusun banki mai sunan shagon, gara ki tanade su da wuri. Ki karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin kayan gaba ɗaya kafin ki je sari, ki rubuta adadi da ranar kaiwa ku sa hannu ku biyu. Jakar da aka buga wa sunan amarya ko tambarin makaranta, in mai oda ya fasa, ba ki da wanda za ki sayar wa.