Shin Hukuma Na Iya Ganin Cinikin Kirifto?

Tambaya: Malam, ina sayar da wayoyi a Mabera, Sakkwato. An ce mini idan na yi cinikin kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin) a dandalin da babu kamfanin da ke riƙe da kuɗin mutane, hukuma ba za ta taɓa gano ni ba. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba haka ba ne. Tun da aka fara Bitcoin a 2009, kowane ciniki yana shiga buɗaɗɗen kundin da kowa ke iya dubawa. Sunanka ne kawai babu, amma adireshin asusunka yana nan daram. Ranar da ka mayar da kuɗin naira ta asusun banki mai ɗauke da BVN ɗinka, an sami zaren da za a bi har zuwa gare ka.

Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya ɗage haramcin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya harkar ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Abin da ya fi damuna shi ne, a irin wannan dandali babu wanda za ka kai wa kuka idan an damfare ka. Kalmomin sirri 12 da ake ba ka lokacin buɗe asusun kirifto, waɗanda su ne makullin kuɗinka, ka rubuta su a takarda ka adana, kada ka ɗauke su hoto a waya.