Royals ɗin Montreal ba ita ce Expos ba

Kana tambaya ko Montreal Royals ɗin da Jackie Robinson ya buga wa besbol ita ce ta koma Expos, ƙungiyar da ta wakilci birnin Montreal na Kanada a babbar gasar besbol. A'a malam, ba ita ba ce. Royals ƙaramar ƙungiya ce da a wancan lokacin babbar ƙungiyar Brooklyn Dodgers ke renon 'yan wasa a cikinta, nan Robinson ya buga a 1946 suka ci kofi, a 1947 Dodgers suka ɗauke shi.

Abin da ya kashe ta kuwa, Dodgers sun koma Los Angeles a 1958, 'yan kallo suka ragu a filin Delorimier, bayan kakar 1960 aka kwashe Royals zuwa birnin Syracuse na Amurka. Expos sai 1969 aka kafa ta. Ni dai na lura in kana neman tarihin a intanet sai ka haɗa da sunan Montreal, in ba haka ba wata ƙungiya daban mai suna Kansas City Royals za a yi ta kawo maka.