Tambayoyin Masu Karatu: Zan iya yawon tsaunukan Lake District da karen maƙwabciyata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Lancaster nan Ingila, ɗan Zariya. Akwai wata dattijuwa Baturiya maƙwabciyata da aka yi wa aiki a gwiwa, to tun lokacin ni nake ɗan fita mata da karenta da yamma, don gaskiya matar nan ta yi min halacci sanda na zo ban san kowa ba. Yanzu mun shirya da abokaina za mu je Lake District a hutun Ista, ita kuma ta ce don Allah in tafi da shi, wai ya saba zuwa can kuma zaman gida ya ishe shi. Ina ya kamata mu je da shi, me zan kiyaye? Sannan wani abokina ya ce in dai kare ya taɓa ni sai na canza kaya kafin in yi sallah, shin haka ne?

Ɗalibi daga Lancaster

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri kan yadda ka riƙe maƙwabtaka. Eh za ka iya tafiya da shi, ai wurin nan duk inda ka waiga mutum ne da karensa, amma kafin maganar inda za ku je bari in fara da abin da ya fi damuna, wato lokacin da kuka zaɓa.

Mutane suna ganin hotunan wurin, tafkuna ga tsaunuka kore shar, sai su ɗauka daji ne da ba shi da mai shi. To ba haka ba ne fa. Gaskiya ne an mai da shi gandun shaƙatawa na ƙasa tun 1951, UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, amma yawancin ƙasar nan gonaki ne da makiyaya ta mutane, waɗancan tumakin masu farar fuska da toka-tokan jiki da ake ce wa Herdwick waɗanda za ka gani warwatse a kan tudu ba makiyayi ba kowa, kowace ɗaya tana da mai ita kuma da su ake ci da iyali. Hutun Ista kuma daidai lokacin haihuwarsu ne. Tunkiya mai ciki ba sai kare ya cije ta ba, ya kora ta kawai ta yi gudun tsoro za ta iya yin ɓari, ko ta rabu da ɗanta ya mutu da sanyi. Kai ɗan Zariya ne, ka san abin da zai biyo baya in mutum ya saki kare cikin garken Bafulatani, to manomin Cumbria, wato yankin da Lake District yake, shi ma haka yake jin abin a ransa.

Kuma doka tana bayansa. A filayen da aka buɗe wa jama'a su yi yawo, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a ɗaure da gajeriyar igiya wadda ba ta wuce mita 2 ba, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, in kuma akwai dabbobi kusa to ko wane wata ne a ɗaure zai zauna. Barin kare ya tsorata dabbobin kiwo laifi ne tun dokar 1953, kuma ba mai karen kaɗai ake kamawa ba har wanda yake riƙe da shi a lokacin, ka ga kai ke nan. Akwai ma yanayin da doka ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa tumakinsa. Don haka ko dattijuwar ta ce maka ai shi yana jin magana, ni dai shawarata kar ka kwance shi ko sau ɗaya, maganarta ya saba ji ba taka ba, kuma amana ce aka ba ka.

Wuri ɗaya ne kawai za ka saki igiyar, shi ne in shanu suka taso muku, musamman masu 'yan maruƙa. Karen suke hari, in ka riƙe shi ko ka ɗauke shi kai za su tattake, ka sake shi ya fi ka gudu, kai kuma ka nufi ƙofa ko katanga mafi kusa a natse.

Yanzu inda za ku je. Daga Lancaster abin da sauƙi, jirgin ƙasa zuwa Oxenholme sai ka canza zuwa Windermere, kuma kare ba a biya masa kuɗin jirgi. Akwai bas mai lamba 555 da ke bi ta Kendal, Windermere, Ambleside, Grasmere har Keswick, hanyar ma kanta abin kallo ce. In kun sauka a tashar Windermere ku fara da Orrest Head, ɗan tudu ne nan kusa da tasha, hawan bai da wuya, daga samansa za ku hango tafkin Windermere wanda shi ne mafi girma a Ingila, tsawonsa ya kai wajen kilomita 17. Tarn Hows, wani ɗan tafki kusa da Coniston, shi ma yana da kyau ga kare, hanya ce shimfiɗaɗɗiya da ta zagaye ruwan, kamar kilomita 3. Wanda na fi so wa masu kare shi ne zagayen tafkin Buttermere, wajen kilomita 7, kusan duk a kwance yake ba hawa sosai, sai dai akwai tumaki don haka igiya dai igiya. In kuna jin ƙarfi ku hau tsaunin Catbells a gefen tafkin Derwentwater kusa da Keswick, mita 451, amma kusa da ƙololuwa akwai duwatsu da sai an ɗan dafa da hannu, ka duba ko karen ba tsoho ba ne.

Abokanka na san za su ce a je Scafell Pike tunda shi ne tsauni mafi tsayi a Ingila, mita 978. Kar ka yarda a wannan zuwan. Samansa tarin duwatsu ne masu yanka tafin ƙafar kare, hazo yana rufe shi cikin 'yan mintuna, kuma in karen ya gaji a can kai za ka saɓo shi. Shi kuwa siririn gefen nan na tsaunin Helvellyn da ake kira Striding Edge, mutane ma faɗowa suke yi su mutu, ba wurin zuwa da karen wani ba ne.

Ruwan sama kuwa ba wasa, ƙauyen Seathwaite da ke cikin yankin yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, ka tafi da rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa ko da kun tashi da rana tarwai, da tsohon tawul na goge shi. Ka ɗebi ruwan shansa daga gida, don wani lokaci, musamman in an yi zafi, wata irin gansakuka mai launin kore-shuɗi tana taso wa a Windermere da wasu tafkunan, guba ce tana kashe kare, in ka ga allon gargaɗi ko ruwan ya yi kamar an zuba fenti kar ya sha kar ya shiga. In kun dawo ka duba kunnuwansa da hammatarsa da tsakanin yatsu saboda kaska, kai ma ka duba ƙafafunka don tana sa wa mutum cutar Lyme. Kashinsa kuma ka kwashe a leda ka riƙe har sai ka samu kwandon shara, wallahi abin takaici ne yadda wasu ke rataye ledar a jikin bishiya su wuce, kuma barinsa a makiyaya yana yaɗa cutar da ke sa shanu ɓari. Ka tabbata abin wuyansa yana da suna da adireshin mai shi, doka ce, ka kuma karɓi lambar likitan dabbobinta. In wani ya ji rauni a kan tsauni 999 za ka kira ka nemi 'yan sanda ka ce masu ceto na tsauni kake so, amma ka sani sabis yana ɗaukewa a kwaruruka da yawa, ka sauke taswira a wayarka tun a gida.

Maganar sallah, abokinka ba daga kansa ya faɗa ba, a mazhabar Shafi'iyya kare najasa ne. Amma a Malikiyya da mafi yawanmu muka tashi a kanta, kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don ibada, don haka in ya goge ka ko ya lashi wandonka sallarka ta yi. Fitsarinsa da kashinsa su ne najasa, in sun taɓa ka sai ka wanke wurin. In lokacin azahar ya riske ku a hanya ka miƙa wa ɗaya daga cikin abokanka igiyar ya riƙe har ka idar, kar ka ɗaure shi a jikin ƙofar gona, don manomi da sauran masu tafiya suna wucewa ta nan.