Tambayoyinku: Ina za mu kai yara su ga ruwa da dutse a hutun nan?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk waje ɗaya suka dosa, hutun makaranta ya matso kowa na neman inda zai fita da iyali. Na ɗebo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Yarana huɗu, babban shekararsa 13 auta kuma 4, kullum hutu daga gidan kakarsu sai wajen lilo da shan askirim, yanzu kam sun gaji ni ma wallahi na gaji. Babban ne ya ga wani bidiyo a waya, wai a Amurka mutane suna zuwa gandun shaƙatawa na bakin tafki su yi ta tafiya a ƙasa cikin bishiyoyi su dawo su ci abinci a bakin ruwa, tun ranar ya hana ni sakat wai mu ma sai mun je irin wajen. Muna da irinsa a kusa kuwa? Kuma ba hatsari? Daga maman yara huɗu, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Yaron nan naki ki gode Allah, a zamanin da yara ke kwana a kan waya shi ƙasa yake so ya taka, kar ki kashe masa wannan sha'awar dan Allah.

Abin da ya gani gaskiya ne, a can kowace jiha tana ware wurare irin haka ta sa ma'aikata, a share ƴan hanyoyin ƙafa a kafa alamomi, ga banɗaki ga teburan cin abinci. Mu kam ba zan ruɗe ki ba, wannan gyaran ba mu kai can ba tukuna. Amma ruwan da dutsen muna da su, kuma ba sai kin yi nisa ba. Dam ɗin Dadin Kowa kilomita 37 ne kawai daga Gombe a kan hanyar Biu, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Kogin Gongola aka tare tun 1984, ruwan da yake iya riƙewa ya kai kubik mita biliyan 2.8, in kin tsaya a wani gefen sai ki ga ruwa ya miƙe har inda idonki ya tsaya. Ruwan famfon da kuke sha a cikin gari daga can ake turo shi, ga kuma injinan wuta na megawat 40 a jikinsa. Ni abin da ke damuna kenan, yaro ya girma a Gombe yana buɗe famfo safe da yamma amma bai taɓa ganin inda ruwan yake fitowa ba, alhali tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba.

Ranar da na fara kai nawa, bayan asuba muka fita lokacin sanyi, muka iske masunta suna dawowa da kamun dare. Ƙaramar ƴata ta tsuguna gaban wani kwale-kwale tana kallon tarwaɗa na motsi a cikin ɗan ruwan da ya taru a ƙasansa, wani dattijo yana ware karfasa gefe guda yana jefawa a daro, da ya ga ta ƙura ido sai ya ɗaga guda ɗaya ya buɗe mata kunnen kifin ya nuna mata jan da ke ciki, ya ce ta nan yake shan iska. Har yau in ana gyaran kifi a gida sai ta zo ta duba wajen. Kuɗin da na kashe ranar bai wuce na mai da soyayyen kifi ba.

Toh yanzu maganar hatsari, a nan zan daɗe don ita ce ta fi muhimmanci. Kar ki bar ko ɗaya daga cikinsu ya shiga ruwan nan, ko da kuwa iya gwiwa ne, ko da kin ga yaran garin suna ta iyo suna tsalle. Dalili na farko dorina. Akwai dorinai a ruwan Dadin Kowa, manoma da masuntan yankin sun sha fama da su a gonakin shinkafa da kan ruwa, kuma an yi asarar rayuka. Dorina da dare take fitowa kiwo ta koma ruwa da sassafe, in mutum ya shiga tsakaninta da ruwa ko ya kusanci mai ɗa shikenan, kuma duk girman jikin nan nata a ƙasa ta fi mutum gudu. A cikin ruwa kuwa kunnuwa da idanu da hanci kawai take bari a waje, baƙo sai ya ɗauka dutse ne ko kututture. Saboda haka da kun isa ki fara gaida mutanen wajen ki tambaye su ta ina ake zama ta ina ba a zuwa, su suka san ruwansu.

Na biyu tsargiya, wato fitsarin jini. Ruwan da yake kwance irin na dam akwai ƙananan dodon koɗi a bakinsa, a jikinsu ƙwayar cutar take girma ta fito ta shiga ruwa, kuma ba sai an sha ba ta fata take shiga, yaro ya yi wasa ya fito lafiya lau sai bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji, wallahi ba haka ba ne, cuta ce mai lalata mafitsara in an bar ta. Tana da magani a asibiti, Praziquantel, amma me zai sa a kai ga haka. Na uku kuma bakin dam ba kamar rafi ba ne, taku biyu kana kan yashi na uku ka zurma.

Wannan duk ba don ki fasa na faɗa ba, ku je. Ku fita da wuri, ki dafa abincinki tun dare ki zuba a kula, dafa-duka ko ɗanwake ko dambu abin da ba ya saurin lalacewa, ruwan sha ya fi abin da kike tsammani za ku sha, tabarma biyu, buta da sallaya, hula ga kowa. Ku nemi inuwa nesa da bakin ruwa ku shimfiɗa, sannan ku taka a ƙasa ta gefen gonakin rani su ga yadda ake jan ruwa da injin ban ruwa ana shayar da tumatir da masara. Jikin ginin dam ɗin da wajen injinan wuta akwai masu tsaro, ki nemi izini kafin ku matsa ko ku ɗauki hoto, in sun ce a'a a bar shi. Auta kuma hannunsa a naki ko na babansa har ku dawo, ban yarda a ce yayansa ne zai kula da shi ba, yaro ɗan 13 shi ma kallo ya zo yi. Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Agusta da Satumba ruwa ya cika ana iya sakinsa, ku haƙura da wannan lokacin.

Kuma dan girman Allah ku tafi da leda babba ku kwaso sharar ku. Ledar fiya wata da robar lemo da na gani a bakin ruwan nan ta ɓata min rai sosai, ruwan da za mu sha ne fa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Bauchi albashin ba yawa, ina so in fita da maiɗakina da yara da kuma mahaifiyata, ita tana fama da ciwon gwiwa amma ta ce ba za a bar ta a gida ba. Yankari ya dace ko akwai wani waje? Daga wani magidanci, Wunti, Bauchi.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka sa Mama a lissafi, da yawa sai su ɗebi yara su bar tsofaffi da matan gida suna jiran labari.

Yankari ya dace da ita ma kuwa, don yawancin yawon a mota ake yi. Za ku bi hanyar Gombe ku karkata a Dindima zuwa geti a Mainamaji, daga getin zuwa sansanin Wikki akwai wajen kilomita 43 a cikin daji, ka sa awa biyu a ranka daga Bauchi. Dajin tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina, a nan kam yara za su yi wanka su more amma a gefen da ba zurfi kuma kana tsaye a kansu. Abu ɗaya, gangarawa wajen ruwan matakala ce mai ɗan yawa, Mama ta sauka a hankali tana hutawa, in gwiwar ta ƙi ta zauna a sama cikin inuwa ba ta yi asara ba, gadu da birai har gabanta za su zo wucewa.

Birran nan ka yi hankali da su, gwaggon biri na Wikki ba ya tsoron mutum, a gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya ta tsorata ta yi ta kuka har aka rasa mai rarrashinta. Abinci a cikin mota, gilashi a rufe, kar yaro ya riƙe komai a hannu yana yawo, kar kuma a ba su. In kuna son ganin namun daji sosai ku je da rani daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa a kogin Gaji, ɓauna da gwanki da kada, giwa kuma sai an yi sa'a. Ba a shiga dajin sai da ma'aikacin wajen, ka roƙe shi ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakuna ne 59 da mutanen can baya suka sassaƙa a jikin dutse, yara suna son wajen.

Kuɗin shiga da na mota da na ɗaki suna canzawa, ka kira ka ji kafin ranar, ka tambayi halin da hanya take ciki a makon, kuma ku fito da rana tsaka kar dare ya same ku. In aljihu bai kai ba a wannan watan, Dam ɗin Gubi yana nan bayan gari, ku je da yamma ku zauna ku sha iska ku dawo kafin magariba, ko gandun Sumu a Ganjuwa inda aka kawo raƙumin dawa da jakin dawa daga Namibiya a 2006. Dokar ruwan Gubi ɗaya ce da ta Dadin Kowa, kallo kawai.

TAMBAYA: Malam mu samari ne mu shida muna so mu hau Dutsen Bima, me za mu tanada? Daga ɗalibi, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Madalla ƴaƴana, haka ake so. Kafin komai ku fara zuwa wajen mai unguwa ko mai garin da ke gindin dutsen ku gaishe shi ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ya haɗa ku da ɗan gari ya yi muku jagora ku sallame shi da abin kirki. Dutse ne mai tarihi da mutanen yankin suke girmamawa, ba wajen kunna sifika da ihu ba ne. Ku fara hawa gari na wayewa, kafin 11 ku kasance kuna saukowa, kowa da ruwansa aƙalla lita biyu, dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, takalmi kambas da dogon wando, silifas kam a'a. Kar wanda ya sa hannu a ramin dutse ko ya ɗaga dutse da hannu, ƙasarmu ta kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. In tsautsayi ya faɗa kar a tsaga wajen kar a tsotsa kar a ɗaure tamau, a hana shi tafiya a ɗauke shi zuwa asibiti kai tsaye. Ku faɗa a gida inda za ku da lokacin dawowa, kuma yadda kuka hau ku shida ku sauko ku shida, mai saurin cikinku ya jira na baya. A watan Maris da Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, ku bari sai sanyi.

TAMBAYA: Malam in mun je dam za mu iya shiga kwale-kwale da yara? Daga wata amarya, Kumo, za ta fita da ƙannen miji.

AMSA: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. In babu rigar ceto ga kowa da kowa har da mai tuƙin, amsata a'a ce. Na taɓa tsayawa na ga wani mai jirgi yana ta loda mutane har ruwa ya kusa taɓa bakin katakon yana cewa ba komai ya saba, na janye nawa yaran suna ta ɓata rai, muka tsaya a tudu muna kallo gabana na faɗuwa har suka dawo. Yaran nan amana aka ba ki, ku zauna a tudu ki saya musu kifi mai zafi da yaji a wajen matan da ke soyawa, ki ƙirga su kafin ku shiga mota, ki sake ƙirgawa in kun sauka a Kumo.